Igiya Ta Ja Sau Biyu

Mu gidanmu yasar rijiya muka gada. A kwarin Tarka, in rijiya ta cushe ko ruwanta ya ja baya, mu ake aiko wa, mu ɗauki igiya da wasaki, gugar fatar da muke kwaso laka da ita, mu kora takarkarinmu, wato sa mai jan igiya, mu tafi. Ubanmu ya rasu ya bar mu biyu a kan sana'ar: Yaya ke shiga ciki, ni nake tsayawa a baki. Lokacin na yi aure, gemu ma ya fara fitowa, amma a wurinsa ban wuce ƙanen da ya taɓa goyawa ba. Jikokina masu lakwal, wato makarantar boko, sun ce abin da zan faɗa ya faru a alif ɗari tara da ashirin da wani abu. Ni dai na san Nasara sun riga sun zauna a Tanut, kuma rani ne.

Wanda bai taɓa leƙa rijiyar Damargu ba, ba zai gane ba. Wata takan kai gaba arba'in. In ka yi magana daga ƙasa, kafin ta iso sama ta narke, sai wani gurnani kawai. Saboda haka da igiya muke magana. Ja ɗaya, dakata. Ja biyu, wasaki ya cika da laka, kora sa ya fito da shi. Ja uku, ni za ka fitar. Aikina shi ne in ɗora tafin hannu a kan igiyar inda take gangarawa daga gwafa, itacen da aka kafa a bakin rijiya, in saurara. Na iya wannan sauraro har ina alfahari da shi. Nakan ce ko tari Yaya ya yi a ƙasa ina ji a hannuna.

Ran da abin ya faru, makiyaya sun cika bakin rijiya da shanu masu ƙishirwa, kowa na cewa mu yi sauri. Ni kuwa tun ina yaro ba ni da wuyar hasala. Hannuna na kan igiya na ji ja biyu, sarai. Na kora sa. Sai nauyin da ya taso ya zama ba na laka ba. Ashe Yaya ya naɗe igiyar a hannunsa na dama yana gyara ɗaurin wasaki, sa ya fizge shi sama, ya haɗa hannun da itacen da aka ɗaure bangon rijiyar da shi. Da muka fito da shi, hannun ba ya kalluwa. Kwana uku muka yi a kan raƙumi kafin mu kai Damagaram, can lokotoro, likitan Nasara, ya yanke shi daga ƙasan gwiwa.

Ya warke, in ana kiran wannan warkewa. Amma sau ɗaya tak ya yi mini maganar ranar, a hanyarmu ta dawowa. Ya ce bai ja ba. Na rantse na ji ja biyu. Ya sake cewa bai ja ba, ya juya fuska. Daga nan maganarmu ta tsaya a gaisuwa. Gida ɗaya, akushi ɗaya, ni nake gutsura masa tuwo ma in ya yi tauri, amma bai ƙara kirana da sunan tsokanar da yake kirana da shi tun muna yara ba. A ganinsa gaggawa ta sa na yi ƙarya. A ganina ya ja ya manta. Kowa ya riƙe gaskiyarsa, kuma wannan ya fi rashin hannun ci mini rai.

Ga kuma hannun bai tafi ba. Yaya ya ce yana nan, a dunƙule, igiya naɗe a jikinsa, farce na shiga cikin tafi. Da rana tsaka, in kowa ya fake a inuwa, sai ka ga yana zaune gindin aduwa yana kallon iskar da ke gaban dungulminsa, gumi na zuba. Wani lokaci ya kai hannun hagu zai sosa ɗan yatsa, ya kama wayam. Akwai ran da kaza ta bi ta gabansa ya janye da sauri, wai kada ta taka masa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta sha wahalar gano dalili ba. Ta ce Nasara sun binne hannun a dunƙule, ba wanka ba miƙewa, yaya za a yi mai shi ya huta? A wurinmu in an yanke wa mutum gaɓa, ana miƙe ta, a naɗe a ƙyalle, a binne da kyau, don kada ta riƙa kiran sauran jikin. Ta ce sai an tono shi an buɗe yatsun. Ni na tafi, da ƙafa, don ina neman abin da zan yi wa Yaya wanda ba gutsura tuwo ba. Na isa Damagaram na yi ta tambaya a bayan gidan likita. Mai gadi ya dube ni kamar na zo neman allura a rairayi, ya ce ramin da ake zuba irin waɗannan an rufe shi tuntuni. Na dawo hannu rabbana. Inna ta yi kuka.

A kwanakin nan barcin rana ya zame mini wani gari dabam. Da na rufe ido sai in ga hannun yana hawowa igiya shi kaɗai, a hankali, ya iso baki ya tsaya kusa da nawa. Ba ya ba ni tsoro. Jira nake ya buɗe, sai kukan jaki ko ƙarar guga ta tashe ni. Wani lokaci in farka in rasa ko ja biyun nan ma a mafarki na ji su.

Bayan kaka sai ga wani baƙo. Ma'aikacin likita ne, baƙar fata, daga can ƙasashen bakin teku, Nasara sun turo shi yi wa mutane lambar agana. Raƙuminsa ya yi targaɗe, ya yada zango kusa da rijiyarmu har kwana shida. Hausarsa a karkace take, amma bakinsa ba ya hutawa. Yana da agogon aljihu da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, wanda ya ce tun yana lakwal yake yawo da shi. Da ya ga dungulmin Yaya ya duba ya ce ɗinkin ya yi kyau. Yaya ya ce ɗinki lafiya lau, hannun ne ke ciwo. Na zaci zai yi dariya. Sai ya zauna, ya ce ai wannan ciwon an san shi, har akwai wani malamin ƙasar Nasara, wanda ya mutu tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, da ya yi dogon tunani a kansa.

Da la'asar mutane suka taru ƙarƙashin aduwa, ya shiga ba mu labarin malamin. Wai wata rana cikin sanyi ya kulle kansa a ɗaki mai ɗumi, ya ce ba zai ƙara yarda da komai ba sai ya tabbata. Har hannuwansa ya yi shakkarsu, don ya ce a mafarki ma mutum yana ganin hannuwansa. Inna na daga bayan darni tana sussuka, ta ce wannan ƙoshi ne ya yi masa yawa, da zai yini a bakin turmi da ya san yana da hannu. Kowa ya yi dariya har baƙon. Ni ban yi ba, don na san yadda mutum ke rasa bambanta mafarki da farke.

Ya ci gaba. Malamin ya ce mutum abu biyu ne da aka haɗa: jiki, da kuma abin da ke tunani a cikinsa. Jiki kamar agogo yake. Ya buɗe bayan agogonsa ya nuna mana ƴan ƙarafa na juya juna, ba wanda ke tura su. Shi kuwa mai tunanin, a tsakiyar kai yake zaune, wurin wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba, daga nan yake jin labarin jiki yake kuma ba da umarni. Cewa rai dabam jiki dabam bai ba kowa mamaki ba. Duk wanda ya taɓa barci ya san kurwa takan fita yawo ta bar gangar jiki a tabarma, shi ya sa ba ma tashin mai barci da ƙarfi. Amma da ya ce dabba ba ta da mai tunanin nan, agogo ce kawai mai nama, sai makiyaya suka fashe. Wani mahauci ya ce shi ya fasa kan rago ya fi a ƙirga, kuma ɗan waken nan yana nan a ƙwaƙwalwar kowane rago. In ba mai zama, kujerar ta wa ce? Baƙon ya sosa ƙeya, ya ce an taɓa yi wa malamin irin wannan tambaya tun yana da rai.

Sannan ya dawo kan hannun Yaya. Ya ce daga kowace gaɓa akwai jijiya da ta tafi har cikin kai. In an taɓa yatsa, jijiyar ta motsa, na cikin kai ya ce an taɓa yatsa. Ya waiwaya neman misali, idonsa ya faɗa kan igiyarmu da ke naɗe a ƙasa. Ya ba Yaya bakin igiyar guda ya ce ya rufe ido, ya sa wani ya riƙe ɗaya bakin can nesa. Shi kuma ya je tsakiya ya fizga.

"Wa ya ja?" ya tambaya.

"Na can ƙarshe," in ji Yaya.

"Buɗe ido. Ni ne, daga tsakiya. Wanda ke riƙe da baki ba shi da hanyar sanin inda aka ja. Hannunka ya tahi, amma igiyarsa tana nan, wani abu na taɓa ta a tsakiya. Na cikin kanka ba ƙarya yake maka ba. Abin da ya iso masa shi yake faɗa."

Shi maganar jijiya yake yi. Bai san komai game da ranar rijiya ba. Amma ni ranar ce ta faɗo mini a rai. Na dubi Yaya, na tarar shi ma ni yake duba, karo na farko cikin shekara guda. Baƙon ya naɗe igiya ya ci gaba da surutunsa, washegari raƙuminsa ya miƙe ya nufi Tanut. Ban ƙara ganinsa ba, kuma har yau ban san sunan malamin nasa ba. Ya faɗa, bakina ne bai iya riƙe shi ba.

Kwana biyu bayan haka Yaya ya same ni ina ba sanmu dusa. Ya ce mu koma rijiyar da abin ya faru. Tun ranar ba wanda ya sake shigarta, da guga kawai ake ɗiba. Ya ce ni zan shiga, shi zai tsaya a baki da hannun hagu. Ya kafa dutse a ƙasa, ya ce kada in ja igiya ko sau ɗaya sai inuwar gwafa ta taɓa dutsen, shi zai jefo tsakuwa in lokaci ya yi. Abin da zan yi kawai shi ne in naɗe igiyar a hannu in gyara ɗaurin wasaki yadda ya yi. Na gane abin da yake nufi. Na kuma gane cewa zan sa hannuna a inda nasa ya lalace, sa yana ɗaure a ɗaya bakin, sanda na hannun mutumin da ya yi shekara yana ganin ni na cuce shi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce to.

Ban taɓa sauka ƙasan rijiya mai zurfi irin wannan ba. Mutum huɗu suka zura ni. Hayaniyar duniya ta yi ta raguwa, zafi ya koma sanyi, kurciyoyin da suka yi sheƙa a bango suka tashi suka bi ta gefen kunnena. Wajen tsakiya na ga wani itacen ɗauri ya ɗan zamo, da guntun reshe a jikinsa ya yi sulɓi saboda gugar igiya. Na wuce shi. A ƙasa ruwa ya kai mini gwiwa. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai, kan Yaya ɗan ɗigo a gefensa. Shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Na tsaya har na rasa ina jikina ya ƙare ina ruwa ya fara, kamar ni tunani ne kawai da aka ajiye a duhu. Na tuna malamin nan a ɗakinsa mai ɗumi, na ce ashe ba ƙoshi kaɗai ba ne. A nan Yaya ya yi rabin rayuwarsa, shi kaɗai, ba abin da ya haɗa shi da mu sai igiya da tafin hannuna.

Na naɗe igiyar sau biyu a hannun dama. Na sunkuya ina jawo ta a hankali don in sami sararin ɗauri. Can sama na ji ɗan ƙas, sannan wani ƙas. Igiyar ta maƙale a guntun reshen ta kuɓuce, ta sake maƙalewa ta kuɓuce. A hannuna ban ji komai ba, sai ɗan sassauci. Na rufe ido ina jiran a fizge ni. Na yi kalmar shahada. Ba abin da ya motsa. Ruwa na ɗiga daga bango, ɗis, ɗis. Na daɗe a haka kafin tsakuwa ta faɗo kusa da ni. Na warware igiyar na ja uku.

Da na fito rana ta kashe mini ido. Yaya na zaune a bakin rijiya, hannun hagu har yanzu a kan igiya. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ji. Sau biyu, sarai. Da ban sani ba, da na kora."

Da a nan na yi shiru, da na fita fes. Igiya ta wanke ni, malamin Nasara ya wanke ni. Amma akwai abin da na riƙe shekara guda ban faɗa wa kowa ba, har matata. Yaya yana da wata al'ada: in ya ja biyu yakan bi da wata kuwwa. Mu a sama ba ma jin komai sai gurnani, amma san nan namu ya san ta, da ita yake tashi tun kafin in ɗaga sanda. A ranar, da na ce masa tafi, bai tafi ba. Ya juyo da kai ya dubi rijiya, kunnuwa a tsaye, yana jiran kuwwar da ba ta zo ba. Makiyaya na ihu, raina ya ɓaci, na zabga masa sanda. Dabbar da aka ce agogo ce ta san ba a kira ba. Ni mai ɗan wake a tsakiyar kai ban tsaya na tambayi kaina me ya hana ta tafiya ba. Shi ya sa har yau rabin maganar malamin nan kawai na karɓa.

Na faɗa wa Yaya duk wannan, a tsaye, ruwa na zuba daga wandona. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Yaya ya juya. Ya dubi san, wanda ke can yana tuƙa abinsa. Sannan ya ce shi ma yau ya lura: da igiyar ta ja, san bai ko ɗaga kunne ba. Ya ce tun daga nan ya san akwai sauran magana, yana jira ne ya ga ko zan faɗa.

Sai ya kira ni da sunan tsokanar nan. Ya miƙo dungulmin.

"Ka je har Damagaram ba ka same shi ba, alhali ga shi nan. Zo ka buɗe mini. Na gaji da riƙon igiyar nan."

Na durƙusa a gabansa. Na tambaye shi ina babban yatsa yake, ya nuna mini da haɓa, tazarar taƙi guda daga ƙarshen dungulmin. Na kama iska a wurin. Ya ce a'a, ƙasa kaɗan. Na sauko. Ya ce yawwa, nan. Na fara warware igiyar da babu ita, zagaye ɗaya, zagaye biyu, na ajiye ta gefe. Sannan na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ina miƙewa, yana gaya mini wanda ya yi tauri. Makiyayan da ke wurin suka juya baya suka shiga duba shanunsu.

Ba zan ce ya warke ba. Hannun ya ci gaba da dunƙulewa, musamman in damina ta kusa. Mun sare guntun reshen, mun koma aiki, ni a ƙasa shi a sama, kuma bai taɓa kora sa ba sai ya ga kunnensa ya motsa. In ciwon ya taso, ko a kasuwa muke, sai ya kira ni ya miƙo dungulmin, in durƙusa in buɗe. Shekara talatin da wani abu muna haka.

Ran da ya rasu ni na yi masa wanka. Da na gama da hannun hagu na koma dama, na wanke dungulmin. Liman ya miƙo likkafani. Na ce ya dakata, akwai saura. Na sauka taƙi guda, na buɗe yatsun nan biyar, na miƙe su sosai, sannan na ce a rufe.